Shagon bincike na hanyar Kalgo, da abin da wata uku a cikinsa suka yi wa kundina

Tun ranar da na kare kundina na kammala digiri, 'yan ajinmu da waɗanda ke bayanmu suke ta turo mini saƙo a WhatsApp suna tambayar inda na yi aikin, da nawa na kashe, da ko wurin ya cancanci kuɗinsa. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Shagon yana Birnin Kebbi, a kan hanyar da ke fita zuwa Kalgo. Ba shi da allon suna, sai rubutun fenti shuɗi a bango: fotokwafi, buga takardu, intanet. Ɗaki biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu. Kwamfuta shida ce a ciki, amma biyar ke aiki, ta shidan an rufe ta da zani tun zuwana na farko har na ƙarshe. Akwai benci na mata a gefen taga, da tabarma da buta a bayan shago. Mai wurin dattijo ne, tsohon malamin tarihi a sakandare da ya yi ritaya, kowa Malam yake ce masa. Yana da yaro ɗaya mai kula da injin fotokwafi da ɗinkin kundi.

Ni malamar firamare ce a Badariya, da 'ya'ya uku, ina karanta kimiyyar siyasa. Taken kundina shi ne zanga-zangar ɗaliban jami'o'in Amurka a kan yaƙin Gaza a 2024. Ba don maki na zaɓe shi ba. Na zaɓe shi ne tun daren da na saurari muryar Hind Rajab, ƙaramar yarinyar nan da aka kashe a Gaza a watan Janairun 2024, tana cikin mota tsakanin gawawwakin 'yan uwanta tana roƙon a zo a ɗauke ta. 'Yata ta biyu sa'arta ce. Da na ji ɗaliban Jami'ar Kolombiya da ke birnin Niyok sun mamaye wani gini sun sa masa sunanta, sai na ce waɗannan yaran nake so in rubuta a kansu.

Ranar farko na shiga da babi na ɗaya a hannu, na ce ina so a tattaro mini sauran. Kowa ya san akwai shagunan da za ka ba da take da kuɗi, bayan sati biyu ka dawo ka karɓi kundi ɗinkakke. Malam ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi ya ce, "Malama, nan ba mu sai da kundi. In kina son wanga aiki ya zama naki, zauna mu duba tare." Tsarinsa biyu ne. Ko ka zauna kai kaɗai a kwamfuta, awa ɗaya naira 500, ko ka biya abin da yake kira zaman bincike, awa ɗaya naira 2,000, ya zauna kusa da kai ya nuna maka inda ake samun takardun asali, ya fassara maka Turancin da ya yi nauyi, ya yi maka tambayoyi. Wannan zaman shi ne ainihin abin da shagon ke sayarwa, shi kuma zan fi yin magana a kai.

Ya karɓi babin nawa, ya ciro jan biro daga aljihun gaba. Bai gyara Turanci ko ɗaya ba. Kalma ɗaya kawai ya riƙa zagayewa, "Yahudawa", har sau goma sha ɗaya a shafi huɗu. Sannan ya juyo da takardar wajena ya ce in faɗa masa wa nake nufi a kowane wuri. Gwamnati? Soja? Ko yarinya 'yar shekara goma sha tara da ke ajin farko a Jami'ar Harvard? Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce to in duk ɗaya ne, mi ya sa daga cikin ƙungiyoyi biyun da Kolombiya ta dakatar a watan Nuwamban 2023 saboda zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa, ɗaya ta ɗaliban Yahudawa ce? Sunanta Jewish Voice for Peace. Ban taɓa jin haka ba.

A bayan takardar ya rubuta mini abu uku. Yahudanci, wanda addini ne da al'umma mai dubban shekaru. Sahayoniyanci, wanda motsin siyasa ne na kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, da Theodor Herzl ya haɗa masa babban taro na farko a birnin Basel a 1897, Birtaniya ta mara masa baya da sanarwar Balfour a 1917. Sai gwamnatin Isra'ila, ƙasar da aka kafa a 1948, shekarar da Falasɗinawa kusan 700,000 suka rasa gidajensu, abin da suke kira Nakba. Ya ce kundin da bai raba waɗannan uku ba, ba zai iya bayyana abin da ya faru a jami'o'in ba, domin rigimar ɗaliban kanta a kan iyakar da ke tsakanin ukun take.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na biya kuɗin awata na fita, na yi kwana biyar ban koma ba. A zuciyata ina cewa dattijon nan so yake ya sanyaya mini jiki a kan jinin yara. Abin da ya mayar da ni shi ne maganar mahaifiyata, ba tare da ta san ma abin da ke damuna ba. Ita Bafulatana ce daga wajen Gwandu. Ta dawo daga kasuwar Jega a wannan satin tana ba ni labarin yadda wata mata ta ce mata a cikin mota, a gaban mutane, "ku ne dai kuka hana mu barci." Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe ko gora da sunan faɗa ba, wadda ita ma an kore wa ƙanenta shanu. Tana faɗa idonta na kawo ruwa. Ƙanena ma da ya yi bautar ƙasa a kudu ya sha jin ana kiransa da sunan 'yan ta'adda saboda hularsa. Mun san zafin kuɗin goro a gidanmu. Da na sake buɗe babina na ga jan biron nan sau goma sha ɗaya, sai na gane irin abin da aka yi wa Inna a mota shi na yi a takarda. Kuma ayar da muke karantawa kullum, cewa babu rai mai ɗaukar nauyin laifin wani rai, ba ta ware kowa ba.

Da na koma, Malam bai tada maganar ba. Ya buɗe durowar ƙasa ya ciro fayil biyu, kore da shuɗi, ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duka biyun maganganun ɗaliban Yahudawa ne da kansu, waɗanda ya tattara ya buga tun 2024 don wani ɗalibi da ya riga ni, ya ci gaba da ƙarawa.

A shuɗin fayil akwai wasiƙar da ɗaruruwan ɗaliban Yahudawa na Kolombiya suka sa wa hannu a watan Mayun 2024. Mun yi awa biyu a kanta, layi bayan layi. Abin da suke cewa shi ne, su ɗalibai ne kamar kowa, yawancinsu ba su zaɓi shiga siyasa ba, amma alaƙarsu da ƙasar Isra'ila ɓangare ce ta yadda suka fahimci Yahudancinsu, kuma son ƙasar bai hana su sukar gwamnatinta ba. Kukansu shi ne an mayar da kalmar "ɗan sahayoniya" zagi, ana korar mutum daga ƙungiya ko a daina yi masa magana da ita. A cikin fayil ɗin kuma akwai labarin Jami'ar Cornell, inda a ƙarshen Oktoban 2023 wani ɗalibi ya rubuta a intanet cewa zai buɗe wuta a ɗakin cin abincin ɗaliban Yahudawa, wurin da ake dafa musu abinci bisa ƙa'idar addininsu kamar yadda muke kula da halal. An kama shi, kotu ta ɗaure shi wata 21. Wannan ba shi da wata alaƙa da sukar gwamnati. Yara ne suka je cin abinci. Na tuna 'yata in ta girma ta tafi karatu wani gari aka ce za a harbe masallacin ɗalibai, yaya zan kwana?

Koren fayil na waɗansu ɗaliban Yahudawan ne, waɗanda suka kwana a cikin tantunan da masu zanga-zangar suka kafa a harabar jami'a. Su cewa suke yi addininsu ne ma ya hana su yin shiru a kan Gaza, kuma ba su yarda a yi yaƙi da sunansu ba. Akwai hoton da na daɗe ina kallo: a watan Afrilun 2024, a tsakiyar tantunan Kolombiya, sun shimfiɗa leda a ƙasa suna cin abincin daren Idin Ƙetarewa, bikin da suke tunawa da fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, ga ɗaliban da ba Yahudawa ba zaune tare da su. Malam ya tuna mini cewa wannan kuɓutar ce dalilin azumin Ashura da muke yi. Su ma waɗannan ɗaliban suna da nasu kukan. Waɗansu danginsu sun juya musu baya, waɗansu an ce musu su ba Yahudawan gaske ba ne, waɗansu an dakatar da su daga karatu. Ranar 18 ga Afrilu da 'yan sanda suka shiga Kolombiya suka kama ɗalibai fiye da 100, da Yahudawa a cikin waɗanda aka kama.

Abin da ya fi burge ni da aikin Malam shi ne ba ya ba ka rabin labari. Misalin Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis ya isa. Ya ba ni hukuncin alƙalin tarayya na watan Agustan 2024, wanda ya ce jami'ar ba ta da ikon bari a hana ɗaliban Yahudawa shiga wani sashe na harabarta, bayan waɗansu sun kai ƙara cewa masu tantuna sun tare musu hanya. Kafin in gama karantawa ya ɗora mini wata takardar a kai, ta daren 30 ga Afrilu, lokacin da wasu gungun masu adawa da zanga-zangar suka far wa tantunan da sanduna da tartsatsin wuta, aka yi sa'o'i kafin 'yan sanda su raba. Ya ce in na rubuta ɗaya na bar ɗaya, na yi wa mai karatu ƙarya ko da kowace kalma tawa gaskiya ce. Haka ya sa na saka labarin ɗaliban Falasɗinawa uku da aka harba a jihar Vermont a watan Nuwamban 2023 suna tafiya a titi, har ɗayansu ya shanye daga ƙirji zuwa ƙasa.

Mun kuma kalli zaman majalisar wakilan Amurka na ranar 5 ga Disamban 2023, kunne ɗaya na abin sauraro a wajena, yana tsayar da bidiyon yana fassarawa. A nan ne 'yar majalisa Elise Stefanik ta tambayi shugabannin jami'o'i uku, Claudine Gay ta Harvard, Liz Magill ta Pennsylvania da Sally Kornbluth ta MIT, ko kira da a yi wa Yahudawa kisan kare dangi ya saɓa wa dokar jami'arsu, su kuma suka riƙa cewa ya danganta da yanayi. Magill ta ajiye aiki bayan kwana huɗu, Gay ta bi ta ranar 2 ga Janairun 2024. A ganina amsar tasu ta lauyoyi ce a wurin da ake buƙatar amsar uwa. Ko ni da nake koyar da 'yan aji huɗu, in aka tambaye ni ko yaro zai iya kiran a kashe wata ƙabila a ajina, ba sai na yi tunani ba. Amma kuma na ga yadda 'yan siyasa suka ɗauki tsoron gaske na waɗannan ɗaliban suka mayar da shi sanda. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta soke kuɗin tallafi kusan dala miliyan 400 na Kolombiya, jami'an shige da fice kuma suka kama Mahmoud Khalil, ɗaya daga masu magana da yawun zanga-zangar, alhali yana da takardar zama ta dindindin. A koren fayil akwai ɗaliban Yahudawa da suka fito suna cewa wannan kamun bai ƙara musu tsaro ko kaɗan ba.

Babi na uku, wanda mai jarrabawa daga waje ya fi yabawa, daga tambaya ɗaya ta Malam ya fito: wa ke da ikon cewa ga inda sukar Isra'ila ta ƙare, ƙyamar Yahudawa ta fara? Ya nuna mini ma'anar ƙyamar Yahudawa da ƙungiyar ƙasashe ta tunawa da kisan Yahudawa miliyan 6 a zamanin Hitila ta amince da ita a 2016, wadda wasu misalanta suka shafi Isra'ila, da kuma Sanarwar Kudus ta 2021 da malaman jami'a suka fitar don suna ganin waccan ta yi faɗi da yawa. Har Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta ma'anar farkon, ya fito ya ce ba don a toshe bakin ɗalibai aka rubuta ta ba. Duk da haka majalisar wakilai ta amince da ƙudurin amfani da ita a makarantu ranar 1 ga Mayun 2024, da ƙuri'a 320 a kan 91. Da ni kaɗai ce a gaban kwamfuta, ko shekara zan yi ba zan kai ga wannan ba.

Ra'ayina a kan Gaza bai motsa ba, kuma Malam bai taɓa neman ya motsa shi ba. Har yau ina ganin abin da aka yi wa fararen hula a can, dubun dubatan rayuka, zalunci ne da ba shi da uzuri. Abin da ya ƙaru shi ne na rubuta mutum kusan 1,200 da aka kashe a Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023 da kusan 250 da aka yi garkuwa da su, waɗanda a babina na farko ko ambatonsu ban yi ba. Mu da muke zaune a yankin da ake ɗauke mutane daga gona da makaranta, bai kamata kalmar garkuwa ta wuce mu ba tare da ta taɓa mu ba.

Yanzu ga inda shagon ya gaza, don kada wani ya je ya ce ban faɗa ba. Na farko kuma mafi girma a wajena: fayil biyu ne a durowar, babu na uku. Maganganun ɗaliban Falasɗinawa da Larabawa da Musulmi ba a tattara su wuri ɗaya kamar na waɗancan ba, sai da na yi magana muka zauna muka nemo, kuma awannin neman ni na biya, naira 6,000. Malam ya amsa cewa gaskiyata ce, ya ce ɗalibin farko a kan Yahudawa kawai ya yi aiki. Amma wanda ya koya mini jin ta bakin kowa, da ya kamata in tarar ya riga ya yi. A nan muka samo rahotanni biyu da Harvard ta fitar a Afrilun 2025, ɗaya a kan ƙyamar Yahudawa, ɗaya a kan ƙyamar Musulmi da Larabawa da Falasɗinawa, kowane ɓangare na cewa ya ji an ware shi.

Sannan Malam in ya kama tarihi ba ya saurin saki. Wata rana na tambaye shi abu ɗaya a kan Harvard, sai da ya kai ni shekarun 1920, lokacin da jami'ar ta nemi rage yawan Yahudawan da take ɗauka. Labarin yana da amfani, har na saka shi a gabatarwa, amma minti arba'in ya ci daga awar da na biya. Ki riƙa zuwa da tambayoyinki a rubuce, ki ajiye agogo a kan tebur.

Intanet ɗin yana da kyau da safe, daga azahar sai ya riƙa jan ƙafa, bidiyo ba ya tafiya. Sola suke amfani da ita, in hadari ya rufe rana a damina injin buga takardu ba ya ɗauka sai an tada janareta, a ƙara naira 20 a kowane shafi. Babu bayin mata, sai dai ki roƙi gidan da ke maƙwabtaka, abin da ya takura ni sosai a ranakun da nake wuni. Ɗinkin kundi kuma nan ne aka kusa sa ni kuka: kwana uku kafin ranar miƙawa na karɓi kwafi huɗu, na tarar shafi na 41 zuwa 48 a kife a cikin biyu daga ciki. Yaron ya ce, "Anti, ki yi haƙuri, da dare na ɗinka." Malam ya sa aka sake ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ya kuma biya mini kuɗin Keke na dawowa, amma kwana biyu sun tafi. Ki buɗe kowane kwafi shafi-shafi kafin ki bar shagon.

Jimillar abin da na kashe a wata uku ya kai naira 71,000: zaman bincike awa 19, zaman kwamfuta ni kaɗai, buga takardu a naira 70 kowane shafi, da ɗinkin kwafi huɗu a naira 3,500 kowanne. Ga mai albashin firamare kuɗi ne mai nauyi, sai da na ci adashi na haɗa. Na san akwai inda za a ba ki kundi gamamme a ƙasa da haka. Amma ranar kariya, da mai jarrabawa ya tambaye ni ko duk mai adawa da Sahayoniyanci maƙiyin Yahudawa ne, ban duba takarda ba. Na ba shi labarin masu shuɗin fayil da masu kore, na ce ɗaliban Yahudawan kansu ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba, na kawo inda nake ganin adawa ta tsallaka ta zama ƙyama, kamar ɗakin cin abincin Cornell, da inda ba ta tsallaka ba. Ya ajiye bironsa ya saurara har na gama.

Suna buɗewa ƙarfe takwas na safe, su rufe bayan isha'i, ranar Juma'a sai bayan la'asar. Zaman bincike sai an kama layi tun kwana biyu kafin, musamman lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka yi yawa. Ki zo da abin sauraronki da filashinki. Fayilolin ba a fita da su waje, amma ana yin fotokwafinsu a naira 40 shafi. Yanzu sun zama uku, na ukun ruwan ɗorawa ne, kuma kwafin kundina da Malam ya roƙa yana ajiye a ƙarƙashinsu a durowar.